Yadda Za Ki Ɓoye Wa Mai Rainon 'Yarki Littafin Mijinki

'Yar'uwa, idan mijinki ya fitar da littafinsa na farko, labari ne a kan garinku, kuma a tsakiyar labarin akwai wata tsohuwa sak matar da ke riƙe miki jaririya duk ranar aiki, to ki kwantar da hankalinki. Na bi wannan hanya, na san ramukanta. Ki bi matakan nan yadda na jera su, ni kuma na yi miki alkawari ranar Litinin da safe za ki sami inda za ki ajiye yarinya ki tafi aiki. Ban ce littafin zai yi kasuwa ba. Wannan ba fagena ba ne, ni a asibitin haƙori nake aiki.

Sunana Tessa, mijina Nolan, 'yarmu Hazel ko shekara ba ta cika ba. Mai rainonta Misis Dombek ce, wadda gidanta ke jingine da namu a nan Pittsburgh, a Amurka. Kin san gidajen rainon garin nan, sai yarinya ta fara tauna nama kafin layi ya zo kanki. Mahaifiyata tana can Arizona. Saboda haka ranar da Misis Dombek ta ce ta fasa, aikina ya tafi, inshorar lafiyar da ake duba kunnen Hazel da ita ta bi shi. Marubuci ba ya zuwa da inshora. Ki riƙe wannan a ranki, shi ne dalilin duk abin da za ki karanta a ƙasa.

Mataki na ɗaya: Ki auna girman ɓarnar

Ki karanta littafin. Ba karatun matar marubuci ba, mai cewa "kai, ya yi kyau" tana wanke kwalbar madara. Ki zauna ki nemo tsohuwar.

Tamu tana tsakiyar littafi, da kujerarta. A garin nan kowa ya sani, wanda ya kwashe dusar ƙanƙara da shebur ya share wurin mota a bakin titi, ya dasa kujera a wurin, to wurin nasa ne har sai ƙanƙara ta narke. Ɗan sanda ma kewaye kujera yake yi. Misis Dombek ba ta da mota tun rasuwar mijinta, amma duk hunturu sai ta share ƙofar gidanta ta dasa kujerar kicin ruwan ɗorawa, saboda ɗanta Stanley da ke Cleveland, in ya zo ya sami wuri. Yakan zo. Wani lokaci.

A littafin Nolan kuwa ɗan ba ya zuwa sam. Wata rana jarumin labarin ya ɗauke kujerar ya ajiye motarsa, tsohuwar kuma ta tsaya bayan labule tana kuka.

Na ce, "Nolan, wannan Misis Dombek ce."

Ya ce, "Ina! Misis Dombrowski ce. Ƙagaggen labari ne, Tess."

"Kujerar ruwan ɗorawa ce."

"Kujeru ruwan ɗorawa nawa ne a duniya?"

"Masu ƙafar hagu ɗaure da baƙin tef?"

Ya ce bari ya je ya duba ko Hazel ta farka. Hazel tana hannuna.

Kada ki ɓata lokaci kina faɗa. An riga an buga, an rarraba. Faɗa na matan da ke da wani mai rainon ne.

Mataki na biyu: Ki san wanda za ki ji tsoro

Da littafi ya fito, bakuna za su buɗu ta ko'ina. Mijinki zai tsorata da dukkansu. Ke ki zaɓa.

Manyan masu sharhi na mujallun New York ba abin tsoro ba ne. Ɗayansu ya rubuta cewa littafin ya nuna "birnin da ya mutu bai sani ba". Na karanta wannan a cikin bas ɗin safe, wani ya taka mini ƙafa, wata tana cin albasa a kunnena, na ce lallai matattun nan suna da ƙarfi. Wata kuma ta kira kujerar "karagar kaɗaici", ta ce ɗauke ta da jarumi ya yi shi ne tsinke sarƙar tsohon zamani. Nolan ya manna wannan a jikin firji. Ki cire. Misis Dombek takan shigo aron ƙwai.

Masu ba da taurari a intanet su ma da sauƙi. Wani ya ba da tauraro ɗaya saboda bas ɗin da jarumi ya hau ba ya bi ta gadar da aka ce ya bi. Wani ya ba da biyu saboda littafin ya iso masa a jiƙe. Wata baiwar Allah a Oregon ta ba da biyar, ta ce ta yi kuka har ta sayi kujera ruwan ɗorawa ta ajiye a lambunta. A Oregon, inda ba wanda ke neman wurin motarta.

Amma akwai wanda ya rubuta layi biyu kacal: "Na ajiye littafin a inda ya taɓa kujerar. Wace uwa ce ta raini wannan yaro?" Wannan ɗan gari ne. Irinsu ne abin tsoro, domin ɗan gari yana da goggo, goggo tana zuwa coci, a ƙarƙashin cocin kuma akwai kicin inda mata ke naɗe pirogi, wato kwaɓin fulawa da ake cusa wa dankali, duk Juma'a, bakinsu na aiki fiye da hannunsu. Misis Dombek ce mai dama dankalin.

Mataki na uku: Ki ƙwace laburare

Misis Dombek ba ta sayen littafi. Ta ce wanda ya sayi abin da gwamnati ke ba da aro kyauta, a duba kansa. Wannan rahama ce gare ki. Aikinki bai wuce laburaren da ke ƙarshen layinku ba.

Ki aro duk kwafin da suke da shi. Ki yi amfani da katinki, ki yi da na mijinki. In sun ƙare, ki buɗe wa jaririya kati, doka ba ta hana ba.

Mai kula da laburaren za ta dube ki ta saman tabarau. Tawa, Denise, ta ce, "Tessa, Hazel ce za ta karanta wannan?"

Na ce, "Bangon take so."

"Ba mijinki ne ya rubuta ba? Ba ku da shi a gida?"

"Na laburare ya fi ƙamshi."

"Mutane fa suna jira. Sunaye sun cika mini shafi."

"Ki ba su haƙuri, yarinya ce, a hankali take karatu."

Ki ɓoye littattafan bayan injin wanki. Kada ki sa a ƙarƙashin katifar yarinya, likita ya hana duk abin da zai karkata katifa, kuma lafiyar yarinya tana gaba da adabi.

Mataki na huɗu: Jaridar Lahadi

Jaridar gari za ta yi sharhi, da hoton mijinki ya naɗe hannu a kan gada kamar shi ya gina ta. Ki riga Misis Dombek zuwa barandarta. Uwar jaririya ba ta buƙatar agogo don wannan. Ki zare shafin, ki mayar da sauran cikin leda yadda kika same su.

Sai dai ki juya shafin ki ga abin da ke bayansa kafin ki zare. A bayan namu wasan cike kalmomi ne, wanda take yi da biro tun kafin a haife ni. Da na kai Hazel washegari ta tare ni a ƙofa.

"Unguwar nan ta lalace. Yanzu har wasan kalmomi ake sata."

Na ce, "Ƙila kurege ne."

"Kuregen da ya mayar da jarida cikin leda ya ƙulle bakin?"

Na ce kuregen bana sun waye.

Mataki na biyar: Ki tsare mijinki, ki tsare rediyo

Marubucin da ya fitar da littafin farko kamar yaro mai haƙoran fari ne: ba barci, ga zazzaɓi, komai ya gani sai ya kai baki. Nolan yakan kulle kansa a banɗaki da waya. In ya fito da fara'a, wani ya kira shi sabuwar murya. In ya fito yana jan ƙafa, wani ya ce babi na ƙarshe ya yi tsawo. Mai ƙorafin bas da gadar nan har taswira Nolan ya zana zai aika masa. Ki karɓe wayar, ki miƙa masa yarinya da kunzugu. Ba a amsa sharhi da hannu biyu a cikin aiki.

Ki tausaya masa fa. Shekaru ya yi yana rubuta abin nan a teburin kicin kafin ya fita koyarwa, kuma littafin yana da kyau, ko da kina jin haushinsa. Akwai wurin da ya kwatanta yadda hazo ke tashi daga kogi da safe, na karanta na ajiye na leƙa taga. Ki gaya masa haka sau ɗaya. Fiye da haka kansa zai kumbura.

Babban haɗari shi ne hira a rediyon gari, domin rediyon kicin ɗin Misis Dombek ba ya mutuwa. Ki san lokacin hirar, ki buga mata waya daga wurin aiki, ki tambaye ta maganin ƙurajen wuyan jarirai. Tsohuwar da ta raini yara ba ta amsa wannan tambaya a taƙaice. Ta rage rediyo, ta faro daga kakarta a can ƙasarsu ta asali. Na riƙe ta har hira ta ƙare. Wani bawan Allah yana kan kujerar asibiti baki buɗe duk tsawon lokacin, na ba shi burushi kyauta.

Mataki na shida: Kada kirkinki ya yi yawa

Mai laifi yakan cika alheri, tsofaffi kuma sun san haka. Na kai mata kek ranar Talata. Na sa Nolan ya zuba mata gishiri a matakala don ƙanƙara ta narke. Na yaba labulenta.

Ta karɓi Hazel, ta dube ni sama da ƙasa. "Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Misis Dombek."

"To ciki gare ki? In ciki ne faɗa mini tun yanzu, bayana ba zai ɗauki biyu ba."

Ki koma yadda kike da. Ki makara kaɗan, ki manta safar yarinya. Hankalinta zai kwanta.

Mataki na bakwai: Ranar karatu a bainar jama'a

Wannan ba ya kaucuwa. Laburare za ta gayyaci ɗan unguwa ya karanta littafinsa, ranar Asabar da rana, da kofi da biskit. Editan Nolan, wani dogo mai suna Julian, ya ce zai tuƙo tun daga New York, kuma shi ne mai yanke hukuncin buga littafi na biyu. Daren Juma'a dusar ƙanƙara ta sauka har gwiwa.

Ki gaya wa Misis Dombek taron haraji ne. Ki gargaɗi mijinki ya karanta wurin hazon kogi, kada ya kusanci kujera.

Ɗaki ya cika, har kujeru suka ƙare. Nolan ya karanta hazo, aka tafa. Julian ya tashi ya ce shi dai a karanta masa babin da ya sa ya karɓi littafin don bugawa. Na girgiza wa Nolan kai har ɗan kunnena ya faɗi. Ya buɗe babin.

Yana cikin layi na uku ƙofa ta buɗe. Misis Dombek ce, da hular coci, da kujera ruwan ɗorawa a hannu. Ta ɗauko ta daga titi ta taho da ita. Mutane suka dare. Ta dasa ta a gaban sahun farko, ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

"Denise ta ce kujeru sun ƙare. Ci gaba, Mista Marubuci."

A nan, 'yar'uwa, ba abin da za ki yi sai ki rungume 'yarki ki fara lissafin wanda za ki roƙa ranar Litinin. Na lissafa, ban sami kowa ba.

Nolan ya karanta babin kamar mai karanta wa kansa hukunci. Da aka zo tambayoyi, hannu ɗaya ne ya tashi.

Ta ce, "Na karanta shi tun kafin Kirsimeti. Kwafi ɗaya muka haɗa kuɗi muka saya a kicin ɗin coci, dole, tunda wata jaririya ta kwashe na laburare." Ba ta ko waiwayo ni ba. "Rubutun ba laifi. Zagi ya yi yawa. Bas ɗin kuma ba ya bi ta gadar nan."

Wani daga baya ya ce, "Na faɗa!"

"Amma abu biyu. Na farko, Stanley yana zuwa. Ya zo lokacin bikin Ista, ya gyara mini famfo." Ta gyara jakarta. Nolan ya sunkuyar da kai. "Na biyu, matar nan ta littafinka. An ɗauke mata kujera, ta tsaya bayan labule tana kuka? A wane gari? Shekarunka nawa a layin nan, ka taɓa ganin an taɓa kujerar mace ta tafi neman hankici?"

Ɗakin ya ɗauki tafi. Julian ya fi kowa tafawa, yana cewa wannan ita ce muryar gaskiya ta birnin. Ta dube shi ta ce, "Kai kuma ɗan wane ne?"

Mataki na takwas: Ki zaɓi ɓangare

Muka fito. Nolan ya tsaya sa hannu a littattafai, Julian yana tare da shi. Ni na bi Misis Dombek da keken Hazel, ita tana gaba da kujerarta, ta ƙi a karɓa mata. Na buɗe baki in ce Litinin, na rufe. Na sake buɗewa, iska ta shiga.

Muna isa ƙofar gidanta ta tsaya cak.

A duk layin, wuri ɗaya ne aka share tas har kwalta, kuma babu kujera a kansa tunda mai kujera ta tafi da ita. Yanzu wata doguwar mota mai sheƙi tana zaune a wurin, da lambar New York.

Ta ajiye kujerar a gefen titi a hankali. "Ta wancan dogon ce?"

"Bai sani ba, Misis Dombek. Babu kujera lokacin da ya zo."

"Bai ga an share ba? Mala'iku ya ɗauka sun share masa?" Sannan ta juyo ta dube ni, karo na farko a ranar. "Kafaɗata ba ta ɗaukar bokiti yanzu, 'yar nan."

Ga inda darasin yake. A hannu ɗaya littafin mijinki na biyu, a ɗaya hannun ranar Litinin. Za ki ji wata murya tana cewa ki ruga laburare ki kira mai mota, a ba da haƙuri, a rabu lafiya. Muryar mutanen kirki ce waɗanda iyayensu mata ke zaune kusa. Ki dubi 'yarki, wadda ta riga ta miƙa hannu tana son tsohuwar ta ɗauke ta.

Na ce, "Ruwan zafi ko na sanyi?"

"Na sanyi mana. Na zafi yana fasa gilashi. Mu ba 'yan ta'adda ba ne." Ta ciro Hazel daga keke ta saɓa a kafaɗa, kafaɗar da ba ta ɗaukar bokiti. "Bakin ƙofofi kawai, da wurin makulli. Ki bi a hankali, kada ki jiƙa takalminki."

Ki zuba daga sama, ki bar ruwan ya bi robar ƙofa ya gangara. A irin sanyin ranar, kafin a gama biskit a laburare ruwan ya daskare, mota ta zama alewar ƙanƙara. Ta tsaya a baranda tana duba aikin, tana nuna wa Hazel da yatsa inda na tsallake.

Da na dawo da bokiti ta ce, "Kin bar ƙofar baya ta hagu." Na koma. Da na sake dawowa ta miƙo mini yarinya, ta goge mata hanci da gefen gyalenta.

Na ce, "Misis Dombek, Litinin..."

"Litinin me?"

"Hazel."

"Hazel ce ta rubuta littafin? Ki kawo ta yadda kika saba, da safa biyu, ba ɗaya ba. Shi kuma Mista Marubuci, shebur yana bayan ƙofa, sharar wurin nan aikinsa ce har bazara. In ya gama ya shigo in gaya masa yadda ake rubuta tsohuwa."

Julian ya kwana a kujerar falonmu. Da safe Nolan ya jona wayar lantarki tun daga kicin, suka narke ƙofar direba da na'urar busar da gashina, maƙwabta suna kallo daga baranda da kofi a hannu, kowa yana ba da shawara. Julian ya tambaya wa ya yi masa haka. Layin gaba ɗaya ya ce yanayin garin nan ne, ba a gane masa. Ya ce wa Nolan lallai wannan ya shiga littafi na biyu. Na ce in ya shiga, kujerar ta zama shuɗiya, matar ta zama namiji, garin ya zama Buffalo.

Sanarwa

Marubuciyar wannan jagora ba lauya ba ce, ba makanike ba ce, ba kuma mai sharhin adabi ba. Duk wadda ta bi matakan nan ta ci tarar laburare, ko ta ɓata da kurege, ko editan mijinta ya daina ɗaukar waya, ita ta jiyo. Idan mai rainonki ba ta da kujera, ban san abin da zan ce miki ba, ki nemi jagorar garinku. Idan kuma kai baƙo ne ka ajiye mota a layinmu ka dawo ka tarar ƙofa ta ƙi buɗuwa, ni ina ciki ina yi wa yarinya wanka, kuma ina da shaida: wata dattijuwa ce mai zuwa coci, ba ta taɓa ƙarya ba.